Randunan Kawu Ilu a Dutsen Ɗa'ifa

Tun da na dawo daga Umara ba a bar ni na sha iska ba. A ƙofar masallaci tambaya, a majalisarmu ta bakin kasuwar Hunkuyi tambaya, har a gona sai mutum ya ajiye fartanya ya ce, "Malam Habu, wai da gaske ne ka je gonar inabi a ƙasar Makka?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Ni malamin gona ne. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina zaga ƙauyuka a kan babur, ina koya wa manoma sabon iri da feshi. Da na ajiye aiki na kafa 'yar gonar inabi a bayan gari, irin da aka kawo daga waje, wanda in ka yi mako biyu ba ka fesa masa magani ba sai ganyensa ya yi fari. Na tafi Umarar ne cikin watan Sha'aban, a shekarun da ake ta rushe-rushe a gefen Harami ana faɗaɗa shi.

Ana gobe zan tashi Inna ta kira ni ɗakinta. Mahaifiyata tana da ƙane guda, Kawu Ilu, wanda ya tafi Makka tun ina firamare ya zauna can. Da can kaset suke aika wa juna ta hannun alhazai, mu taru a tsakar gida mu saurari muryarsa. Sai wata shekara wani alhaji na unguwarmu ya dawo da labarin cewa ya shiga gidan Ilu ya tarar da randuna cike da jan ruwa, wari ya cika ɗaki. Wai giya yake haɗawa, a garin da Ka'aba take. Magana ta zaga gari. Tun daga ranar Inna ta daina karɓar saƙonsa, kuma shekara tara ke nan ba ta ambaci sunansa ba.

"Ka je ka duba da idonka," ta ce. "Kada ka tambayi kowa. In gaskiya ne, ko ruwan gidansa kada ka sha. In kuwa ƙarya ce..." Ta gyara mayafi. "Kai dai ka duba."

Daga Kano muka tashi. Don gudun kada in makara na ɗaura haramina tun a filin jirgi, ban san cikin jirgi sanyi ne haka ba. Awa huɗu da wani abu na yi ina makyarkyata cikin tawul biyu, wani ɗan kasuwa da ke gefena yana ta yi mini dariya, shi da sai da aka kusa miƙati ya shiga bayi ya canza. A Jidda kuma wani ma'aikaci ya sa na buɗe jakata, ya zaro wani ƙunshi na leda uku wanda ban san da shi ba. Yana kwancewa ya ja da baya ya toshe hanci. Daddawa ce. Na rasa Larabcin da zan yi bayani, sai kwatanta tuƙa miya nake yi da hannu. Wani Bahaushe mai shara ne ya matso ya yi masa magana, suka yi dariya tare, aka miƙo mini kayana. A cikin bas ɗin Makka na sake duba ɗaurin ledar. Ɗaurin Inna ne, ko a ina na gan shi na san shi. Ba ta ce mini ga wanda zan ba ba, amma ni ba na dafa miya a Makka.

Masaukinmu a Aziziyya yake, mu huɗu a ɗaki. Rigimarmu ɗaya ce, na'urar sanyi. Wani Basakkwace yana son ɗaki ya yi kamar firji, wani dattijo na Gumel kuma da an kunna sai tari. A ƙarshe dattijon ya riƙa ɓoye abin kunnawar a aljihun 'yar cikinsa, ya kwanta a kai. Daga nan bas ke kai mu Harami. Ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba na farko ba. Duk addu'o'in da na haddace a hanya suka gudu, sai na sami kaina ina ta cewa "Allah na gode" da Hausa, hawaye na zuba.

Abinci ne ya fara ba ni wahala. Da safe wake ne markaɗaɗɗe da man zaitun, da wani faffaɗan burodi mai zafi kamar faifai. Da rana shinkafa da kaza, da yamma kaza da shinkafa. Abin da ya burge ni shi ne lokacin salla. Mai kanti zai ja ƙyalle ya rufe kayansa ya wuce masallaci, ko waige ba ya yi. Na tuna kasuwarmu, inda mutum ke salla ido ɗaya na kan buhun barkononsa.

Rana ta uku, bayan na gama Umara na aske kai, na nufi Mansur, unguwar da Hausawan Makka suka fi yawa. Wanda bai je ba ba zai yarda ba. Ka sauka daga mota sai ƙamshin masa da tsire ya tarbe ka, ka ji ana Hausa ta ko'ina, amma Hausar da aka kwaɓa da Larabci. "Yaya shugul?" in ji wani, yana nufin aiki. Na yi ta tambayar Ilu na Hunkuyi, ba wanda ya san shi. Sai wata mai masa, 'yar Maraɗi, ta ɗago kai ta ce, "Dogo, baƙi, hannunsa kamar ya yi rini? Ai Abu Khal kake nema." Ta nuna mini wata hanya mai matakala da ta hau tudu.

Matarsa Hajiya Asabe ce ta buɗe mini. Da na faɗi ko ni ɗan wane ne ta saki salati. Kawu ya fito, dogo, siriri, gemu fari fat, tafin hannunsa ja-ja baƙi-baƙi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗago ni ya daɗe yana kallon fuskata. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Inna ce kaɗai bai tambaya ba. Aka kawo tuwon shinkafa miyar taushe, ni da na kwana uku ina mafarkin tuwo. Na ce na ƙoshi. Aka kawo ruwa, na ce yanzu na sha Zamzam.

Ya dube ni. "Yaya ce ta ce kada ka ci?"

Na sunkuyar da kai.

"Taso."

Ya buɗe wani ɗan ɗaki a bayan kicin. Randuna huɗu ne a jere, an ɗaure bakinsu da farin ƙyalle, ga wani wari mai tsami da ya daki hancina. Ya ɗage ƙyallen ɗaya, na leƙa na ga jan ruwa mai duhu. Ga abin da alhajin nan ya faɗa, ba ƙari ba ragi.

"Abin da wancan ya gani ke nan," in ji Kawu. "Ya gani, ya fita, ko tambaya bai yi ba. Ba zan yi maka bayani a nan ba. Ran Alhamis zan hau dutse. In kana son ka koma da gaskiya, ka biyo ni."

Da zan tafi na miƙa masa ƙunshin ledar. Ya kwance, ya kai hanci. Sai ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe a haka. Hajiya Asabe ta yafito ni da hannu muka fita muka bar shi.

Jagoran ayarinmu ya sama mini izinin fita, ran Alhamis da hantsi muka kama hanyar Ɗa'ifa a wata tsohuwar a-kori-kura cike da jarkoki. Hanyar nan ta nannaɗe dutse kamar an naɗa rawani. Kunnuwana suka toshe, in na leƙa ƙasa sai in ga motoci kamar ƙwaro. Zafin Makka ya ɓace, iska ta koma kamar ta Jos. A wani lanƙwasa muka tsaya injin ya huce, sai ga birai garke guda a bakin titi. Kawu ya ce in rufe gilashi. Ina laluben abin murzawa wani ƙaton ya ziro hannu ya fizge sabuwar hulata, ya haye dutse ya zauna yana jujjuya ta. Ranar na fara jin dariyar Kawu. Ya ciro wani jan ƙyalle irin na Larabawa ya yafa mini a kan sabon askina, haka na ƙarasa tafiyar.

Gonar ba ta kai rabin tawa faɗi ba, amma hawa-hawa take a jikin dutse, hawa bakwai, kowanne an tokare shi da katangar duwatsun da ba siminti. Inabin yana kan rumfuna na itace, gindinsa ya kai kaurin cinyata. 'Ya'yan ƙanana ne, ja mai duhu, fata mai kauri, kowanne da ƙwallo a ciki. A kasuwa ba zan ko kalle su ba. Na tsinki ɗaya na tauna, zaƙi ya fara zuwa, sai ɗan tsami, sai wani ƙamshi da ya tsaya a maƙogwaro. Kawu ya ce sunansa baladi, wato ɗan ƙasa, kuma ba wanda ya san wanda ya fara dasa shi a kwarin nan.

Mai gonar wani tsoho ne, Ammu Hamid, idonsa ya kusa tafiya. Shekara ashirin da shida Kawu yana tare da shi. Tsohon ya zaunar da mu a inuwar rumfa, aka kawo dabino da gahawa a wasu 'yan kofuna kamar murfin kwalba. Duk sanda na shanye na miƙa kofi sai a sake cikawa. A gida in ka ƙoshi kife kofi kake yi ko ka ce alhamdu lillahi, na faɗa har sau uku ba wanda ya kula. Sai a kofi na tara Kawu ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi. Wunin ranar zuciyata bugawa take kamar ganga.

Sannan Kawu ya zaga da ni. Ba rijiyar burtsatse a gonar. Ruwan sama da ke gangarowa daga dutse suke tarewa da 'yan magudanai, ya taru a wata tsohuwar matara da aka fafe a cikin dutse, shi ake lallaɓawa har shekara ta zago. Na duba ƙarƙashin ganye ina neman cutar da ta addabi tawa gonar, ban gani ba. Na tambayi maganin da suke fesawa. Ya ce toka, da rage ganye don iska ta ratsa. Tukar inabin da aka matse awaki ke ci, takin awakin kuma ya koma gindin inabi.

A hawa na ƙarshe akwai wani ɗaki na dutse mai sanyi, randuna sun fi talatin. Nan ya zauna a kan kututture ya yi mini bayani.

"Khal ne, Habu. Abin da matanku ke kira ruwan kal, suna sayen farinsa a kwalba. Wannan ja ne, na inabi. Tsofaffin gidajen Makka da shi suke jiƙa kayan lambu, masu abincin Mansur ma wurina suke saye."

"To, Kawu, ai na ji an ce sai ruwan inabi ya zama giya kafin ya zama khal."

"Ka yi tambayar da wancan bai yi ba. In ka bar shi shi kaɗai, haka ne. Shi ya sa ba ma barin shi. Kafin ruwan inabi ya shiga randa, tsohon khal ya riga shi shiga, mai yawa. Yana sauka tsami ya kama shi, ba ranar da zai kwana a matsayin abin maye. Kafin in sa hannu a aikin nan sai da na zauna gaban malamai biyu a Harami, ɗaya ma Bakano ne. Kana ganin a ƙasar nan mutum zai yi shekara ashirin da shida yana haɗa giya, da sunansa a bakin kowa, ya kwana lafiya?"

Ya naɗe hannun riga ya zura cikin wata randa, ya ɗago wani abu mai santsi kamar hanta. Ya ce ita ce uwar khal, daga randar kakan Ammu Hamid ta fito, ana ɗiban ta ana sa wa sababbi. Ya ɗebo mini na bara a cokalin itace, ya shaƙe ni har na yi tari. Ya ɗebo na shekara biyar. Wannan kam tsaminsa ya kwanta, akwai ɗanɗanon tsamiya da na dabino a ciki, launinsa kamar zoɓon da ya ji wuta.

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Kawu, me ya hana ku aika wa Inna wannan bayani?"

"Kaset biyu na aika," ya ce, yana mayar da ƙyallen randa. "An dawo mini da su, ledarsu ma ba a ɓare ba."

Da aka kawo abincin rana, shinkafa da naman rago a faranti ɗaya, ni na fara wanke hannu. Kawu ya gani, ya tura mini tsoka gabana.

Muna cikin ci babban ɗan mai gonar ya iso, Faisal, ma'aikaci ne a Jidda. Mutum ne mai fara'a, amma yana zama aka fara muhawara da uban. Kawu ya fassara mini a gurguje. Faisal yana so a tumɓuke baladi, a haƙa rijiya mai zurfi, a dasa inabin waje marar ƙwallo wanda manyan kantuna ke so. Maƙwabtansu sun yi haka. Tsohon kuma ya ce sai dai bayan ransa. Da Faisal ya ji ni malamin gona ne, ya juyo gaba ɗaya ya ce in raba gardama.

Na so in zille, amma idon kowa na kaina. Na ce gaskiya sabon iri ya fi yawan 'ya'ya, kuma ya fi shiga kasuwa, wannan ba ƙarya ba ne. Sannan na ba su labarin wata farar dawa da ake nomawa a ƙauyukanmu, wadda ni da bakina na sa manoma suka bari suka kama sabuwa. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri sabuwar ta ƙone, muka koma neman tsohuwar gida-gida, ko tiya ɗaya ba mu samu ba. Na ce abin da aka tumɓuke a wuni ɗaya, wani lokaci ba a sake ganinsa.

Maganata ba ta fi minti biyu ba. Fassarar Kawu ta kusa minti goma, da ɗaga hannu da nuna matarar ruwa da buga ƙirji. Na ce, "Kawu, duk ni na faɗi wannan?" Ya ce, "Larabci ne, ya fi Hausa tsawo." Faisal ya kwashe da dariya, da alama ya gane abin da ke gudana. Amma ya daɗe yana tambayata a kan feshi, sau nawa nake yi, me ke faruwa in na fasa. Na gaya masa gaskiyar wahalar da nake sha.

Ba a gama maganar ranar ba. Sai ana jibi zan bar Makka na koma Mansur sallama, Kawu ya ce an tsaya a kan cewa Faisal zai gwada sabon iri a hawa biyu na ƙasa, da ruwan matara, ba rijiya. Hawa biyar na sama ba mai taɓa su. Na tambaye shi ko ya gamsu. Ya ce, "Tsohon yana da rai tukuna. Bayan shi, Allah ne masani." Na roƙe shi reshen baladi in kai gida in dasa. Ya girgiza kai ya ce ba lokacin yanka ba ne, kuma ɗan dutse ne, damina ɗaya ta Zazzau za ta ruɓar da shi. Kwalba biyu na ɗan shekara biyar ya ba ni, Hajiya Asabe ta naɗe su cikin tsumma. Ɗaya ta ɗan tsiyaya a hanya, har yau abayar da na sayo wa maiɗakina ba ta rabu da tsami ba.

Na iso gida da la'asar. Sai da 'yan sannu da zuwa suka watse na shiga wurin Inna. Na ba ta labari tun daga randunan Mansur har ɗakin dutse, ban rage komai ba, har da kaset biyun. Ba ta katse ni ba. Na zuba mata kaɗan a murfi, ta dangwala da yatsa ta kai baki, ta yamutsa fuska.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Inna."

"A kan wannan tsamin na yi shekara tara..." Ta goge yatsan a zaninta. "Kana da lambarsa?"

Na buga, na sa a lasifika don kunnenta ya yi nauyi. Ya yi ƙara sau huɗu kafin a ɗauka. Aka yi sallama, ta amsa, ina jin hayaniyar motocin Mansur ta cikin wayar.

"Ilu," ta ce, "ka yafe mini."

Da ya yi magana da ƙyar na gane shi.

"Yaya, ke ce? Wallahi na zaci Innarmu ce ta kira ni. Muryarki ta koma tata sak."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ajiye mata wayar a kan tabarma, na fita na ja ƙofa.